Keken Lantarki Mai Inji a Tsakiya: A Biya Tun Kafin Ya Iso Kano, Ko a Dakata?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya rikice wa kowa a Kano. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Kuɗin Adaidaita Sahu ya bi bayanta. Acaɓa kuwa, dama tun Janairun 2013 gwamnatin jiha ta hana ta. Shi ya sa duk tallar abin hawan da ba ya shan mai takan tsayar da yatsan matashi a kan waya.

Irin tallar ba ɓoyayya ba ce ga mai shiga TikTok, Facebook ko sitatus na WhatsApp: sabon keken lantarki mai inji a tsakiya, hoto mai ɗaukar ido, rangwame ga waɗanda suka fara biya, kaya za su iso nan da wata biyu ko uku. Wannan shi ake kira firi-oda, wato mutum ya ba da kuɗinsa, duka ko kafin alƙalami, a kan kayan da ba su iso ba, wani lokaci ma ba a gama ƙera su ba.

A ɗauki misalin matashin da ke zaune a Mandawari ko Yakasai, yana zuwa shago a Farm Centre ko Kantin Kwari kullum. Ya shekara yana zubin adashi, ga kuɗi a hannu, ga talla tana cewa saura kwana biyar rangwame ya ƙare. Tambayoyi biyu ne a gabansa, kuma bai kamata ya cuɗa su ba. Ta farko: injin tsakiya ya dace da cikin birnin Kano? Ta biyu: ko da ya dace, akwai hikima a biya kafin a gani?

Mene ne injin tsakiya?

Kekunan lantarki iri biyu ne idan aka duba inda injin yake. Na farko, injinsa na cikin cibiyar ƙafa, galibi ta baya. Yana juya ƙafar kai tsaye, babu ruwansa da sarƙa ko giya. Wannan shi ya fi yawa kuma ya fi araha. Na biyu, injinsa na wurin feda, a tsakiyar keken daga ƙasa. Ƙarfinsa yana haɗuwa da na ƙafafun mahayi, su bi ta sarƙa da giya su isa ƙafar baya.

Gane su a hoto ba wuya. Idan kumburin yana tsakiyar taya, injin ƙafa ne. Idan yana inda fedoji suka haɗu, injin tsakiya ne. Wannan dubawar tana da amfani, domin ana iya samun mai talla ya kira keke "mai inji a tsakiya" alhali batir ne kawai a tsakiyar.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da keken PAS a 1993, wanda ke ƙara wa mahayi ƙarfi gwargwadon yadda ya taka feda. A yau manyan masu ƙera injin tsakiya sun haɗa da Bosch na Jamus, Shimano da Yamaha na Japan, da Bafang na Chana. Har DJI, da aka sani da jirage marasa matuƙi, ya shigo fagen a 2024 da injinsa Avinox.

Lambar da ake auna ƙarfin murɗawar inji da ita ita ce Nm. Shimano EP8 yana ba da Nm 85, Avinox kuma 105, yayin da yawancin injinan ƙafa na kekunan gari suke ƙasa da haka. Wannan lamba ita ke nuna yadda keke zai ja kaya ko ya hau tudu, ba gudunsa ba. A Turai, doka ta taƙaita keken lantarki na yau da kullum a wat 250, kuma injin yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa.

Inda ya yi fice

Babbar fa'idar injin tsakiya ita ce yana amfani da giyar keke. Kamar yadda direban mota ke komawa giya ɗaya idan zai hau tudu, haka mahayi ke sauke giya, injin ya ci gaba da juyawa cikin sauƙi ba tare da ya yi zafi ko ya zuƙe batir ba. Injin ƙafa ba shi da wannan gata. Idan tudu ya yi tsawo ko kaya suka yi nauyi, sai ya riƙa nishi.

Na biyu, nauyin injin yana ƙasa kuma a tsakiya, don haka keken ya fi daidaito a kwana. Na uku, ƙafafunsa na keke ne zalla. Idan taya ta yi faci, kowane mai faci zai kwance ta ya gyara, ba tare da ya yi fama da wayoyin lantarki ba.

Na huɗu shi ne yanayin tashi. Yawancin injinan tsakiya masu kyau suna da sensa mai auna ƙarfin da mahayi ya danna feda da shi. Ya taka a hankali, inji ya taimaka a hankali. Ya danna da ƙarfi, inji ya ƙara. Kekuna masu araha kuwa sensarsu juyawar feda kawai take ganewa, da zarar feda ta motsa sai keken ya zabura.

Cikin birni na buƙatarsa?

A nan ne lissafi yake. Injin tsakiya an san shi da hawan tsaunuka da jan kaya masu nauyi. Birnin Kano kuwa shimfiɗaɗɗe ne. In aka cire Dutsen Dala da Goron Dutse, da 'yan gangare a unguwannin da ke gindinsu, tudun da mai keke zai haɗu da shi bai wuce gadar sama irin ta Ƙofar Nassarawa, ko fitowa daga gadar ƙasa ta Kabuga ko Gadon Ƙaya ba. Duk waɗannan injin ƙafa mai matsakaicin ƙarfi yana hawansu. Tafiya daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Kabuga ba ta kai kilomita 10 ba, kuma babu wani hawa mai wahala a tsakani.

Abin da cikin birni ke buƙata shi ne iya tafiya a hankali. Lungunan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, Jakara, Koki da Sheshe ƙunci gare su: ga yara, ga 'yan garuwa da kurarsu, ga awaki, ga kwata a tsakiyar hanya. Keken da ke zabura da zarar an taɓa feda haɗari ne a irin wannan wuri. Sai dai maganin wannan matsala sensa mai auna ƙarfi ce, ba wurin da injin yake ba. Akwai kekuna masu injin ƙafa da ke da ita, akwai kuma injinan tsakiya da ba su da ita, kamar Bafang BBS02. Mai saye ya tambayi irin sensar kai tsaye.

Wanda injin tsakiya zai yi wa rana sosai shi ne mai ɗaukar kaya: mai kai dilar atamfa daga Kwari, mai raba oda ta abinci ko kayan masarufi daga Singa, ko mai doguwar tafiya kullum, kamar ɗalibin da ke fita daga birni zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo ya dawo. Wanda jakar laftof kawai yake ratayawa, zai biya kuɗin ƙarfin da ba zai yi amfani da shi ba.

Akwai kuma batun nauyi. Yawancin kekunan lantarki suna tsakanin kilo 20 zuwa 28. Gidan da sai an ɗaga keke an tsallake dokin ƙofa, an ratsa soro biyu kafin a kai tsakar gida, mai shi zai ji wannan nauyin safe da yamma.

Ƙura, sarƙa da mai gyara

Fa'idar injin tsakiya ita ce kuma rauninsa. Tunda duk ƙarfinsa ta sarƙa yake bi, sarƙa da haƙoran giya suna cinyewa da wuri fiye da na keken da aka saba. Idan aka haɗa da ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin ya ƙaru: ƙura tana manne wa man sarƙa, su zama kamar sanfefa suna goge ƙarfe. Da damina kuma ruwa da taɓo ne.

Sarƙar irin waɗannan kekuna ba irin ta Phoenix ko Raleigh ba ce da ake samu a wurin kowane mai gyara. Siririya ce, an yi ta daidai da yawan giya, 9 ko 10 ko 11 ko 12, kuma ta wannan ba ta zama a wancan. Idan ta tsinke a hanya, injin tsakiya ba shi da yadda zai yi, sai turi. Keke mai injin ƙafa da totur kuwa zai iya kai mai shi gida ko babu sarƙa.

Matsala mafi girma tana cikin injin. A tsarin Bosch da Shimano, inji da batir da allo suna magana da juna ta manhaja, kamar yadda wasu wayoyi ke ƙin amincewa da sikirin ko batir ɗin da ba na kamfani ba. Batir ɗin da ba a ƙera shi don tsarin ba, ba zai yi aiki ba, kuma gano wasu matsalolin sai da na'urar dila mai izini. Bodin keken ma an ƙera shi ne daidai da injin, ba a cire na Bosch a ɗaura na Shimano. Kafin mutum ya yi sha'awar sunan kamfani, ya fara sanin inda mai gyaransa mafi kusa yake. Idan amsar ita ce Legas ko Dubai, to ƙaramar matsala tana iya jingine keke a bango na tsawon watanni.

A duba kuma lambar IP, wadda masu waya suka sani. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 na nufin ƙura kaɗan na iya shiga kuma yana jure feshin ruwa, IP65 kuma ƙura ba ta shiga. Babu ɗayansu da ya ba da izinin kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi bayan mamakon Agusta, kuma injin tsakiya shi ne sashen lantarki mafi kusa da ƙasa.

Batir: lissafin da ba ya ƙarya

Masu talla suna son rubuta "kilomita 120 a caji ɗaya". Hanyar tantancewa mai sauƙi ce. A ninka V da Ah, a samu Wh. Batir mai 36V da 14Ah yana da Wh 504. Don kwatance, batir ɗin waya mai mAh 5,000 yana da kimanin Wh 19, wato batir ɗin keken ya kai na waya 26.

A tafiyar gari, keke yakan ci Wh 10 zuwa 15 a kowace kilomita, gwargwadon nauyin mahayi, kaya, iskar taya da matakin taimakon da aka zaɓa. Ke nan Wh 504 zai ba da kilomita 34 zuwa 50. Manyan lambobin talla ana samunsu ne da mahayi marar nauyi, a titi mai santsi, a matakin taimako mafi ƙanƙanta.

Kuɗin caji shi ne wurin da keken lantarki ya yi wa babur fintinkau. Cika Wh 504 yana cin kimanin yunit 0.6 idan aka haɗa da asarar caja. Ko da farashin Band A, wanda yake kusan naira 210 kan kowane yunit a ƙarshen 2024, cajin bai kai naira 150 ba. Wannan gaskiya ce ga injin tsakiya da injin ƙafa baki ɗaya.

Samun wutar shi ne aiki. A tsarin hukumar NERC, Band A awa 20 ne a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Caja mai 2A tana buƙatar kimanin awa 7 ta cika batir mai 14Ah, mai 4A kuma kusan rabin haka. Wanda layinsa na KEDCO yake D ko E, ya san abin da zai tambaya. Kuma ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda babu wuta. Abin daɗin shi ne cajar keke ba ta wuce wat 100 zuwa 200 ba, ƙaramar inbata ta sola tana ɗaukarta. Batir ɗin da ake cirewa a kai shago ko wurin mai caji ya fi wanda aka rufe a cikin bodi.

Zafi ma abokin gaba ne. Batir ɗin litiyam yana tsufa da wuri a zafi, kuma ba a so a yi cajinsa idan ya wuce maki 45. A Kano, Afrilu da Mayu zafin inuwa kansa yakan haura 40. Keken da ya wuni a rana sai a bar batir ɗinsa ya huce kafin a jona shi.

Sai gobara. A birnin New York na Amurka, batiran litiyam sun haddasa gobara 268 a 2023, mutum 18 suka mutu, kuma a shekarar ce birnin ya wajabta shaidar inganci ta UL 2849 ga kekunan lantarkin da ake sayarwa. A cikin birnin Kano darasin ya fi kusa: gidaje da yawa ƙofarsu ɗaya ce, ta soro, kuma a soron ake ajiye keke da babur. Batir ya kama da wuta a nan, ya toshe hanyar fita, a lungun da motar kashe gobara ba ta shiga. Kada a yi caji a soro cikin dare, kada a yi amfani da cajar da ba tasa ba, kuma kada a sayi batir ɗin da ba a san wanda ya haɗa shi ba.

Firi-oda: me ake saya?

Mai biyan firi-oda alƙawari yake saya. Darajar alƙawarin kuma tana tafiya ne da lafiyar wanda ya ɗauke shi.

Labarin VanMoof ya isa misali. Kamfani ne na birnin Amsterdam a ƙasar Holan, an kafa shi a 2009, kekunansa suna da kyan gani har ana kwatanta shi da Apple ko Tesla. A Yulin 2023 kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Waɗanda suka biya suna jiran kekunansu sai suka koma layin masu bin bashi. Waɗanda suka riga suka karɓa kuma suka shiga wata damuwar: sassan keken na kamfanin ne shi kaɗai, kuma manhajar wayar da ke sarrafa shi tana dogara da makullin dijital daga sabar kamfanin. Sai da abokin gogayyarsa, Cowboy na Beljiyam, ya fitar da wata manhaja don mutane su adana makullansu. Daga baya kamfanin Lavoie ya sayi VanMoof. Kekunansa injin ƙafa gare su, amma darasin ya shafi duk keken da rayuwarsa ke rataye da kamfani ɗaya. Idan haka ta faru a Holan, inda kotu da shagunan kamfanin suke kusa, a auna halin wanda ke Gwale.

Wasu sababbin kekuna a shafukan tara jari irin su Kickstarter da Indiegogo ake fara tallarsu. Waɗannan ba kantuna ba ne, mai ba da kuɗi yana tallafa wa aiki ne. Binciken da Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania ya yi a 2015 ya gano cewa kimanin kashi 9 cikin 100 na ayyukan Kickstarter ba su kai wa mutane abin da suka yi alƙawari ba. Jinkiri kuwa ruwan dare ne.

Ko kaya sun iso lafiya, akwai matsalar rukunin farko. Duk mai amfani da waya ya san sabuwar manhaja takan fito da kurakurai, sai an yi sabuntawa ɗaya ko biyu take daidaita. Kuskuren manhaja ana gyara shi da data. Kuskuren boris, giyar cikin inji ko wajen shigar ruwa kuwa sai an kwance ƙarfe. Waɗanda suka fara saye su ne 'yan gwaji, kuma da kuɗinsu.

Dala, jirgin ruwa da kwastam

Keken da za a shigo da shi da dala ake lissafinsa. A cikin Janairun 2024 kaɗai, canjin hukuma ya tashi daga kimanin naira 900 zuwa sama da 1,400 kan dala ɗaya. Wanda ya ba da kafin alƙalami, saura dala 800 a kansa, cikonsa ya tashi daga naira 720,000 zuwa sama da 1,120,000 ba tare da an ƙara wa keken ko noti ɗaya ba. Kuɗin kwastam ma da canjin dala ake auna shi.

Abin yana da fuska biyu. Idan mai sayarwa ya yanke farashi a naira, a rubuce, har da fito da kwastam, to firi-oda tana iya kare mai saye daga tashin farashi. Wannan ita ce fa'idarta ta gaskiya. Amma sau da yawa talla takan faɗi farashin keken ne kawai, sauran "sai kaya sun sauka".

Lokaci ma a lura da shi. Dokokin jiragen sama na fasinja ba sa barin batir ɗin litiyam da ya wuce Wh 160, na keke kuwa ya ninka haka sau uku ko fiye. Don haka ba abin da ɗan'uwa zai sako a jaka daga Guangzhou ko Dubai ba ne. Galibi ta ruwa yake zuwa, ya sauka a Legas, ya jira fito, sannan ya hau mota zuwa Kano. Mai alƙawarin kwana goma a kan keken da ke masana'anta, a tambaye shi ta wace hanya. Wannan ƙa'ida ita ce kuma ke sa garantin ƙasar waje ya zama ado: mayar da lalataccen batir zuwa Chana ko Jamus ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Farashi ma shaida ne. A Turai, sababbin kekuna masu injin Bosch ko Shimano galibi daga wajen Yuro 2,000 suke farawa. Wanda ya ce zai kawo irinsu sabo fil a kuɗin matsakaiciyar waya, akwai lauje cikin naɗi.

Tambayoyi kafin a tura kuɗi

Biyan kuɗi kafin kaya ba baƙon abu ba ne a kasuwancin Kano. Malaman fiƙihu suna kiran irinsa cinikin salam, kuma sun gindaya masa sharuɗɗa: a san siffar kaya, a san adadinsu, a san lokacin da za a kawo. Duk firi-odar da ta rasa waɗannan ta zama cinikin biri a sama. Ga abin da ya kamata mai saye ya samu amsarsa a rubuce:

1. Wane kamfani ya ƙera injin, wane samfuri ne, Nm nawa, kuma wace irin sensa gare shi?

2. V da Ah na batir nawa ne, ana cire shi, yana da shaidar UL 2849 ko EN 15194, kuma nawa ne sabo idan wannan ya mutu?

3. Keken yana tashi ba tare da manhaja ko intanet ba?

4. Akwai samfuri a Kano da za a je a hau? Gani ya kori ji.

5. Wa zai gyara shi a nan, ina shagonsa, kuma an haɗo sarƙa, haƙoran giya, takalmin birki, caja da allo a kwantenar?

6. Farashin a naira ne ko dala, ya haɗa da fito da kwastam da kawowa Kano?

7. Wace rana kaya za su iso, kuma idan ta wuce da kwana nawa ake mayar da kuɗi?

8. Mai sayarwar yana da rajista da CAC? Ana duba wannan kyauta a waya. Sunan asusun bankin ya yi daidai da sunan kamfanin?

Tura kuɗi zuwa asusun mutum ɗaya da aka sani a WhatsApp kawai shi ne hanya mafi rauni. A ajiye rasit, hoton tallar da duk hirar da aka yi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar ƙin karɓar kayan da suka saɓa wa siffar da aka faɗa, kuma hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafi, amma ba ta aiki sai da hujja da wanda za a iya kamawa. Idan keken yana da totur kuma yana kai kilomita 45 a awa, a fara jin matsayinsa a wurin KAROTA da FRSC, kuma a sa kuɗin hular kwano da ƙwaƙƙwaran makulli a cikin lissafi.

Wa zai biya, wa zai jira?

Firi-oda tana da ma'ana ga wanda ya haɗa abubuwa huɗu: yana ɗaukar kaya ko doguwar tafiya da ke buƙatar injin tsakiya, ya hau samfurin da kansa, mai sayarwar yana da shago da mai gyara a Kano, kuma abin da ake nema ƙaramin kafin alƙalami ne da ake mayarwa, kuɗin da ko ya maƙale ba zai durƙusar da shi ba.

Ga matashin Mandawari da adashinsa na shekara guda, lissafin ya fi karkata ga jira. Rangwamen kashi 10 ko 15 bai kai girman abin da zai rasa ba idan kaya suka ƙi zuwa. Idan rukunin farko ya iso, a bar shi ya sha hunturu ɗaya ko damina ɗaya a titunan Kano, sannan a tambayi masu shi: sarƙa nawa suka canza, kilomita nawa batir yake bayarwa yanzu, kuma da aka samu matsala wa ya ɗaga waya.

Wanda ba zai iya jira ba yana da zaɓi biyu. Ko ya sayi keke mai injin ƙafa da ke ƙasa, wanda zai gani, ya hau, ya taya, ya biya, ya tafi da abinsa. Ko kuma ya nemi ƙwaƙƙwaran keken gwanjo mai birki nagari a ɗaura masa injin tsakiya na haɗi, irin Bafang BBS02 ko Tongsheng TSDZ2, waɗanda ke shiga ramin feda na yawancin kekuna, kuma idan suka lalace a cire su keke ya koma keke.

Agogon da ke ƙirga kwanaki a jikin talla na mai sayarwa ne. Keken da ya yi kyau zai sake zuwa a kwantena ta biyu, kuma a lokacin akwai wanda za a tambaya.